Inna Madina Ta Kai Wankan Jego Malesiya

An haifi Inna Madina a wata ruga da ke gabas da Aujara, a shekarar da ba wanda ya damu ya rubuta. In an tambaye ta shekarunta, takan ce ita dai lokacin da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira ta isa ɗaukar ƙaramar ƙwarya a ka ba tare da ta tallafe ta da hannu ba. Daga nan sai mai tambaya ya yi lissafinsa.

Mahaifinta makiyayi ne irin wanda ba ya shekara a wuri ɗaya. Da kaka ta wuce ciyawa ta fara bushewa, sai a kaɗa shanu a nufi kudu, a ratsa ƙasar Ningi, a wuce Bauci, wata shekarar har bakin Binuwai. Tana ƙarama ana ɗora ta a kan takarkari tsakanin ƙore da tabarmi, da ta tasa kuwa sai ta sauko ta taka da ƙafarta. 'Yan uwanta mata kan yi kukan gajiya da faso, ita ko ranar da aka ce gobe za a tashi ba ta iya cin tuwo don murna. Burinta ta ga abin da ke bayan tsaunin da ke gabansu, in an wuce shi kuma ta sa ido kan na gaba.

Sai Allah ya haɗa ta da Malam Jaji, mutumin da duk Aujara aka san shi da son zama. Yana da gonar gero da gyaɗa, da 'yan shanun da kallo ɗaya ya isa a ƙirga su, da wata tsamiya a ƙofar gida wadda a ƙarƙashinta yake karatunsa da hirarsa da ɗan barcinsa na rana. A kasuwa suka ga juna, suka so juna, aka ɗaura. Daga nan tafiyar kudu ta ƙare. Ba ta taɓa yin da-na-sani ba, don Malam mutum ne mai sanyin hali da barkwanci, amma duk shekara in ta ga garken wasu ya ratso gari ya yi kudu, sai ta tsaya a bakin danga har ƙaho na ƙarshe ya ɓace.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni, ma'aikata suka cika gari, Inna Madina ta ga hanya ta buɗe. Ta fara shiga mota zuwa Dutse da ƙwaryar nono da fura da kwalaben man shanu, tana zama a inuwar wani maina kusa da sakatariya. A nan ta haɗu da Madam Justina Choji, 'yar Filato da ta zo aikin gwamnati da mijinta. Ranar farko Justina ta yi ta ciniki har ran Inna ya ɓaci, rana ta biyu ta dawo ta ce ba ta taɓa shan nono mai kauri irin wannan ba. Daga nan suka ƙulla. Justina na kiranta Inna, ita kuma tana ce mata 'yar Jos. Sun je sunan juna, sun je ta'aziyyar juna, kuma duk Kirsimeti akwai kwanon shinkafa da kaza da ke jiran Inna a ofis, duk Babbar Sallah akwai cinyar rago da ke hawa mota daga Aujara.

Justina ce ta matsa mata a kan autarta Nuriyya, ta ce yarinya mai ido haka kada a tsaya da ita a firamare. Nuriyya ta yi makarantar kwana a Taura, ta zarce ta yi karatun jinya, sannan ta auri Nasrullahi, wani malamin babbar makaranta a Dutse, ɗan mutanen Ringim. Ba su shekara biyu da aure ba ya samu gurbin ƙaro karatu a Malesiya, ya ce ba zai tafi ya bar matarsa ba.

Abin da ya fara ɗaure wa Inna kai game da ƙasar nan shi ne ranarsu. Takan idar da sallar asuba ta tatsi shanu, sai ta kira Nuriyya a waya, ita kuma ta ce yanzu suke shirin azahar. Da fari ta ɗauka tsokana ce irin ta auta. Sai da Nuriyya ta kira ta ta bidiyo a wayar maƙwabta ta nuna mata rana tsaka a kan wasu dogayen benaye, alhali a Aujara ko hantsi bai yi ba. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce to lalle sun yi nisa, tunda har rana sai ta gama da su kafin ta iso nan.

Ana nan Nuriyya ta samu ciki. Haihuwar fari ce, kuma kowa ya san haihuwar fari a gida ake wanka, uwa ta tsaya a kan 'yarta da ruwan zafi da kunun kanwa har a yi arba'in. Likita a can ya ce kada ta yi doguwar tafiya. Inna ta kwana biyu tana juya maganar, rana ta uku ta samu Malam Jaji a ƙarƙashin tsamiya ta ce tunda yarinya ba za ta iya zuwa gida ba, sai gida ya tashi ya je wurinta. Nasrullahi ma ya riga ya ce in ta yarda zai shirya komai.

Malam ya rufe littafinsa ya dube ta yana murmushi. Ya ce, "Shekara nawa kina leƙen shanun mutane ta kan danga? Je ki, Allah ya kiyaye hanya. Ni dai kada a ce in raka ki ko Kano."

Justina ce ta yi mata jagora wajen fasfo a Dutse, ta tsaya a kanta aka ɗauki hoto, ta yi ta faɗa da ita ta daina rufe baki da mayafi. Da suka fito suka zauna a inuwar mainan nan, Inna ta tambaye ta abin da ya fi damunta, wato tafiyar kwana nawa ce. Justina ta danna waya ta ce daga Kano jirgi zai yi kamar awa bakwai ya sauka a wani gari na Larabawa da ake kira Doha, a canza wani, shi ma ya yi awa bakwai da ɗoriya kafin ya kai Kuala Lumpur. In aka haɗa da zaman jira, kwana ɗaya bai cika ba.

Inna ta saki baki. Ta ce ashe kusa ne, ai ƙaninta da ke kai shanu Legas a tirela ya fi haka daɗewa a hanya. Justina ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce nisan ya haura kilomita dubu goma. Kilomita ba ta ce wa Inna komai ba, sai ta ce a faɗa mata da tafiyar shanu. Justina ta tambaye ta nisan tafiyar da garke ke yi a wuni, Inna ta kwatanta mata da tsakanin garuruwan da ta sani, suka yi ta lissafi suna gardama. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa in an kaɗa shanu yau, sai an ci damina biyu a hanya, shi ma in babu teku a tsakani, ga shi kuwa akwai.

A ran Inna wani abu ya motsa wanda rabonta da jin sa tun tana budurwa. Ranar ba ta iya cin abincin dare ba.

Shirin kaya ya ɗauki mako guda. Ta surfa gero ta shanya, ta daka kanwa, ta ƙulla kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, ta soya man shanu ta ɗura a jarka ta liƙe bakin da leda. Ta tsinko ganyen darbejiya cike da buhu don wanka. Mashkura, wata 'yar Ringim da ke karatu a can kuma za ta koma bayan hutu, da ita aka haɗa Inna tafiya. Da ta zo ta ga buhun ganye ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan ba za su bar shi ya shiga ƙasarsu ba." Inna ta ce to da me za a yi wankan? Mashkura ta ce Allah zai kawo. Aka bar ganye, awakin Malam suka samu rabo.

A filin jirgin Kano ba ta ji tsoro ba sai da jirgin ya fara gudu. Ta damƙe hannun Mashkura tana salati, kunnuwanta suka toshe. Da ta buɗe ido ta leƙa taga sai ga Kano ta zama kamar an baje tsaba a tabarma. Can kuma gonaki, can kuma sai fari fat. Ta saki hannun yarinyar ta matsa jikin taga, kuma ba ta ƙara barin wurin ba.

Mashkura ta kunna mata ɗan allon da ke bayan kujerar gabanta, ta nuna mata taswira da ɗan hoton jirgi a kai. Inna ta ƙura masa ido ta ce wannan ai ba ya motsi, kamar kaska a gadon bayan sa. Amma in ta kau da kai ta ci abinci ta dawo, sai ta tarar ya matsa. Mashkura na karanta mata sunayen wurare. Ga Chadi, ga Sudan. Inna ta san mutanen da suka tafi Sudan a ƙasa tun zamanin kakanninta ba su dawo ba sai da furfura, ga shi ita ta ratsa ta tana shan shayi. Rana kuma ta yi saurin faɗuwa, la'asar da magariba suka taho a jere kamar ana kora su, har ta rasa yadda za ta yi, sai wani dattijo Bakano da ke gefensu ya gaya mata yadda matafiyi ke haɗa salla a zaune.

Shi ne kuma ya taɓo Mashkura ya ce ta gaya wa Inna an tsallake Bahar Maliya, yanzu suna bi ta gefen ƙasa mai tsarki, Makka na hannun dama, Madina na hagu. Inna ba ta taɓa zuwa Hajji ba. Ta dafa gilashin taga, ba ta ganin komai sai 'yan fitilu can ƙasa, hawaye na zubo mata. Ta yi addu'a ga iyayenta, ga Malam, ga mai ciki, ga 'yar Jos. Da ta share ido sai ta ce, "Yanzu wannan direban ba zai ɗan tsaya ba ko gaisawa mu yi? Garin da aka sa mini sunansa fa." Dattijon ya yi dariya ya ce ta sa rai, wanda ya nuna mata daga sama zai kawo ta ta ƙasa.

A Doha suka sauka cikin wani gini da Inna ta ce ya fi Aujara da Jahun girma in an haɗa. Suka samu kujeru suka zauna jiran jirgi na biyu. Mashkura ta kunna wayarta, saƙonni suka yi ta shigowa. Inna ta ga fuskar yarinyar ta canza, gabanta ya faɗi. Sai Mashkura ta juyo da wayar. Hoton jariri ne a naɗe cikin farin zane, fuska jawur, ya dunƙule hannu. Naƙuda ta zo wa Nuriyya tun kafin lokacin da aka ɗiba, suna sama aka kai ta asibiti. Namiji ne, uwa da ɗa suna lafiya.

Inna ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta ce, "Ashe Nuriyya ta riga mu sauka." Ta yi ƙoƙarin daurewa, don Bafulatana ce kuma wuri ne na baƙi. Ta kasa. Ta miƙe ta kama hanci ta rangaɗa guɗa ɗaya mai tsawo, wadda ta sa Turawa da Larabawa da Indiyawa suka waigo gaba ɗaya. Mashkura ta rufe fuska da mayafi. Wata baƙar mace mai shara ta ajiye abin aikinta ta taho tana dariya, ta kalli hoton, ta rungume Inna tana magana da wani yare. Ba wadda ta ji abin da 'yar uwarta ta ce, amma sun daɗe riƙe da juna.

Jirgi na biyu ya yi mata tsawo. Yanzu ba kallo take so ba, isa take so. Ƙasa duk ruwa ne, ɗan jirgin allo na tsakiyar shuɗi ba gari ba suna. Ƙafafunta suka kumbura, ta tashi ta yi ta kai da kawo tsakanin kujeru, har ma'aikatan jirgin suka san ta suna miƙo mata ruwa. Da suka fara saukowa ta ga ƙasa kore shar, itatuwan kwakwar manja a jere har iyakar gani, ta ce wa Mashkura mutanen nan da suna da shanu da ba su san rani ba.

Nasrullahi ya tarbe su, ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a ya gaishe ta. Gidansu na can saman wani dogon bene. Da ta shiga ta ga Nuriyya zaune da jariri a cinya, sai ta nufe su kai tsaye. Ta zauna a ƙasa ta karɓi yaron, ta buɗe zanen ta duba shi tun daga kai har yatsun ƙafa, sannan ta tambayi inda ake dafa ruwa.

A nan ta tarar an riga ta. Wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke ƙofa da ƙofa da su, wadda Nuriyya ke kira Makci, wato gwaggo a yarensu, ta riga ta kama aiki. Ta naɗe cikin mai jego da wani dogon ƙyalle tun daga ƙugu har ƙirji, ta gasa dutse ta naɗe a tsumma tana dannawa, ta hana ta ruwan sanyi. Ashe su ma suna da nasu jegon, har ma nasu ya ɗara arba'in da 'yan kwanaki. Kwanan farko tsofaffin biyu suka yi ta kallon juna a kaikaice. Inna ta dama kunun kanwa, Makci ta ɗanɗana ta yamutsa fuska. Makci ta kawo wani baƙin jiƙo mai ɗaci, Inna ta shinshina ta ture. Nuriyya na tsakiya tana fassara abin da ya fassaru, tana haɗiye sauran.

Ganye ne ya shirya su. Inna ta sa Nuriyya ta nuna wa Makci hoton darbejiya a waya. Makci ta buga cinya, ta ja hannun Inna suka sauka ƙasa, suka bi bayan wani wurin ibadar Indiyawa, sai ga bishiyar tsaye, ganyenta da ɗacinta da warinta duk irin na gida. Inna ta murza ganye ɗaya ta shinshina, ta yi dariya har da hawaye. Daga ranar aka raba aiki, wankan safe da kunu na Inna, naɗin ciki da dutse na Makci. Nuriyya ta ce ba a taɓa gasa mai jego irin yadda aka gasa ta ba. Ranar suna aka sa wa yaro Zailani, sunan mahaifin Malam Jaji, sai Makci ta dafe ƙirji, ashe sunan ƙaninta ke nan. Ɗaliban Najeriya suka cika gidan, aka ci tuwo miyar kuka da man shanun Aujara, Makci ta ƙara har sau biyu.

Inna ta yi wata biyu ta dawo. Mutanen gari suka yi ta zuwa sannu da zuwa har mako ya zagayo. Malam Jaji ya rame kaɗan, ya ce tuwon maƙwabta ba gishiri, amma ya zauna ya saurari labarin tun daga Kano har Kuala Lumpur, yana tsayar da ita a wajen guɗar Doha yana cewa ta maimaita. Justina ta samu atamfar can mai furanni da kwalbar jiƙon Makci, wadda ta sha sau ɗaya ta ce abotarsu ba ta kai nan ba.

Tun daga nan Inna ta samu sabon aiki da ba wanda ya naɗa ta. Duk shekara in maniyyata sun fara shirin tashi daga filin jirgin Dutse, tsofaffin matan Aujara da ƙauyukan kewaye sai su taru a tsakar gidanta. Takan zaunar da su a kan benci a jere kamar kujerun jirgi, ta nuna musu yadda ake ɗaura ɗamarar kujera da ɗankwali, da yadda ake haɗiyar yawu in kunne ya toshe, da yadda ƙofar banɗaki ke naɗewa ciki. Takan ce kada wadda ta ji tsoron ƙarar ruwan banɗakin, ba ya jan mutum. In wata ta ce tafiyar da nisa, sai Inna ta ce Jidda ai nan ce, kafin furar da aka dama da safe ta yi tsami an isa.

Da Nasrullahi ya gama karatu suka dawo gida, Zailani na da shekara uku. Ranar da aka kawo shi Aujara ya ga saniya ido da ido karo na farko, ya ƙanƙame wuyan kakarsa yana ihu da wani yare da ba mai ji sai uwarsa. Malam Jaji ya taso daga ƙarƙashin tsamiya ya karɓe shi, ya kai shi wurin wata 'yar maraƙa da aka haifa a makon, ya kama ɗan hannunsa ya ɗora a goshinta. Maraƙar ta lashe masa yatsu. Yaron ya janye hannu ya duba, ya dubi kakansa, sannan ya sake miƙawa. Malam ya ce to ta zama tasa. Kafin la'asar an neme shi an rasa, sai can aka gano shi a garke ba takalmi, kashin shanu har gwiwa, yana ƙoƙarin ba maraƙar biskit.